Haƙorin Makka Ya Ci Fadamar Babanmu

A lokacin da wannan abu ya faro, ni manomin albasa da shinkafa ne a Argungu, ina da shekara arba'in da 'yan kai, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ina da lafiya, ina da ƙarfi, ina kuma da baki. Bakin nan shi aka fi sanina da shi. Duk majalisar da na zauna sai an yi dariya, kuma yawanci wani bawan Allah ake yi wa. Ban yi nisa a boko ba, amma ina karatu da rubutu da Hausa, shi ya sa na ga gara in rubuto muku da hannuna. Ba taimako nake nema ba. Abin ne ya yi mini nauyi a ƙirji, kuma a gidanmu babu wanda zan buɗe wa zancen ban fama masa ciwo ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama guda a bakin gulbi, ni da ƙanena, don mu biyu kaɗai muka rage masa. Ba mu raba ta ba, ba mu ma taɓa zancen rabo ba. Da rani mu yi albasa, da damina mu yi shinkafa, daga nan gidaje biyu suke ci, suke sutura, suke biya wa yara makaranta. Baba yakan ce ƙasar nan ba ta ba da kunya, kuma gaskiyarsa ne. Ƙanena mutum ne shiru-shiru, shi ne a kan ban ruwa da dashe da duk aikin da ke karya baya, ni kuwa ni ne a kasuwa, don ni na iya magana da dillalai da masu manyan motoci. Wata shekara muka zuba albasa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da muke ajiye ta har ta yi tsada, Allah ya sa ba ta ruɓe ba, farashi kuma ya hau yadda ba mu taɓa gani ba. Da muka haɗa da abin da muka daɗe muna tarawa, sai ga kuɗin kujerar Makka guda. Ƙanena da bakinsa ya ce ni ne babba, ni zan fara zuwa, in fadama ta sake yin irin wannan kyauta sai shi ya je. A kan haka muka tsaya, na kuma yi masa alkawari a gaban matanmu.

Na sauke farali lafiya. A kwanakin da muke jiran jirgin dawowa ne abokan tafiyata suka ja ni wani ɗan shago da alhazanmu suke cika, inda ake sa haƙorin Makka. Kowa ya san al'adar, wanda ya je ya dawo da haƙorin zinari ko na azurfa ba sai ya gaya wa kowa ya je ba. Ni a duk zuri'armu babu wanda ya taɓa taka ƙasa mai tsarki sai ni, ta yaya zan dawo da baki fari fat kamar wanda ya je Kamba sayen gishiri? Na zaɓi fiƙata ta sama, ɓangaren hagu, haƙori lafiyayye wanda bai taɓa yi mini ko tsami ba. Mai shagon ya sa wani inji ya goge shi ta ko'ina har na riƙa jin ƙauri, ya ƙanƙance shi, sannan ya kifa masa hular zinari ya manne. Ya miƙo mini madubi. Wallahi a ranar na ga kaina na yi kyau.

Da na dawo sai na koyi dariya da gefen hagu. Matata ta riƙa tsokanata wai tun da na dawo bakina bai rufu ba, ko barci nake sai ta ga haske. Haƙorin kuma ya yi mini aiki, ba zan yi masa butulci ba. A kasuwar albasa manoma suka fara ba ni kayansu a kan amana in tura kudu, sai mota ta dawo in biya. Wanda da can zai ce in kawo shaida, yanzu sai ya ce haba, ai Alhaji ne. Na fara jin cewa mutuncina duka a cikin wannan ɗan ƙarfen yake.

Akwai wani dattijo da gonarsa take iyaka da tamu, ya riga ni zuwa Makka da shekaru, yana da nasa haƙorin na azurfa. Wata rana ya zo majalisa bayan la'asar, ya yi murmushi, sai ga giɓi a wurin. Lokacin kuwa taki ya yi tsada, kowa yana kuka. Ban tsaya tambayarsa ko lafiya ba, sai kawai na ɗaga murya na ce jama'a ku taya Alhaji murna, hajjinsa ya koma buhun taki. Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na ƙara da cewa in damina ta yi kyau sai ya je wurin mai takin ya fanso aikin hajjinsa. Zancen nan ya zaga unguwa, har yara suka ɗauka. Daga ranar dai in dattijon zai yi dariya sai ya sa hannu ya rufe baki, ni kuwa ina ganin na yi gwaninta.

A shekara ta uku nawa haƙorin ya fara magana. Da farko in na sha ruwan randa ne sai in ji ya tsira mini har ƙwaƙwalwa. Daga baya wani ɗan ƙurji ya riƙa fitowa a dasashi, a saman zinarin, ya kumbura, ya fashe, ya lafa, ya sake dawowa. Matata ce ta fara gaya mini, cikin dabara, cewa bakina ya canza wari. Na tauna kanumfari har harshena ya mutu, na kuskure baki da ruwan gishiri, na zama ɗan gida a kemis ɗin unguwarmu. Kafso ja da baƙi kuwa na sha shi kamar gyaɗa, wani lokaci in fasa shi in barbaɗa garin a kan ƙurjin. Sai ya yi sauƙi mako biyu in ce na warke. Matata ta dame ni da in je a duba, ta ce ciwon da yake tafiya yana dawowa ba tafiya yake ba, ɓuya yake yi. Na ce mata ita da ba ta taɓa hawa jirgi ba me ta sani game da haƙorin Makka.

Wata ranar da na shiga Birnin Kebbi sayen kayan gyaran injin ban ruwa, ciwon ya matsa mini har na kasa ciniki, sai na hau Keke Napep na tafi sashen haƙori na wani asibiti. Likitar da na samu mace ce, yarinya ƙarama, ba ta fi sa'ar ƙanwar matata ba. Ta duba, ta sa aka ɗauki hoto, ta nuna mini wani baƙin tabo a saman saiwar. Ta ce haƙorin ya daɗe da mutuwa a ƙarƙashin hular, ya ruɓe har ba abin da za a ceta, mugunya ce take taruwa a can, kuma maganinsa a cire shi. Ta ce in na shirya a ranar ma za a yi, in koma gida da yamma. Na tambayi kuɗin, ta faɗa. Ba zan manta ba, don nan take na auna shi da abin da na sani: bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, kuma ina da fiye da haka a aljihuna a lokacin.

Na tambaye ta ko za a iya wanke cikin a bar mini zinarina. Ta ce babu hali. Na ce to a cire a sake dasa shi. Ta yi murmushi ta ce babu saiwar da za ta riƙe shi, amma in wurin ya warke ana iya sa mini farin haƙori na roba. Farin haƙori! Ni da na tsallaka teku. Ta yi mini bayani a natse cewa fiƙar sama saiwarta doguwa ce, in mugunya ta rasa hanyar fita sama take yi wajen ido, kuma abin yana iya zama babba. Ta kuma lura da yadda nake ta neman ruwa, ta ce ya kamata in auna sukari. Ina jin ta, amma abin da yake yawo a kaina daban ne. Majalisa nake gani bayan la'asar, ina shigowa da giɓi. Na san kalmar da za a faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, don ni na ƙirƙire ta. Na san kuma manoman da suke ba ni albasa a kan amana za su fara raɗa cewa Alhaji ya karye har ya sayar da haƙori. Sai na ce mata bari in je in yi azahar in dawo. Na fita na wuce masallacin, na nufi tasha.

A gida na gaya wa matata likita ta ce sanyi ne kawai ya kama dasashi, in ci gaba da shan magani. Ƙanena ma haka na gaya masa. Ƙaryar ba ta yi mini wuyar faɗa ba, don ni ma so nake in yarda da ita.

Wata biyu bayan haka muka shiga cire albasa, ana tsananin zafi. Shekarar ta yi kyau, muka cika rudu har baki, ƙanena yana ta fara'a, don mun yi lissafin in ta yi tsada kamar waccan shekarar, kujerarsa ta kusa. A cikin makon ne ƙurjin ya fito ya ƙi fashewa. Kumatuna ya ɗaga, na ce rana ce. Washegari kumburin ya hau gefen hanci, kafin jibi idona na hagu ya rufe ruf, fuskar ta yi sheƙi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Daga nan abin da na sani kaɗan ne, sauran matata da ƙanena ne suka ba ni labari. An ce na riƙa kiran Baba ina ce masa ruwa ya shiga albasa. Suka kai ni asibiti a Argungu, aka yi mini allura aka sa ruwa, ma'aikacin ya ce kada a ɓata lokaci, a wuce da ni babban asibiti a Birnin Kebbi. Suka ɗauki shatar mota.

A emajensi, wato ɗakin da ake karɓar waɗanda ciwo ya kai gargara, a nan ƙanena ya fara sanin abin da ake kira kuɗin asibiti. Ban ga laifin ma'aikatan ba, sun tsaya a kaina, da ba su tsaya ba da yanzu wani ne yake ba da labarina. Amma a wurin komai sai an biya kafin a yi. A yanki kati, a biya. A ɗebi jini, a biya. Aka auna sukari aka ga ya hau inda likitan ya yi mamakin yadda nake tafiya da ƙafata a da, sai aka ƙara allurar sukari a kan sauran. Allurar kashe ƙwayar cutar da aka ce ita kaɗai za ta iya da abin, kwalba ɗaya ta fi kuɗin cire haƙorin da na guje wa, kuma sau da yawa ake yin ta a wuni. Aka ce sai an ɗauki hoton cikin kai a ga iyakar inda mugunyar ta kai, hoton nan kaɗai ya cinye duk abin da suka zo da shi. Sannan aka ce tiyata, a kawo kuɗin ɗakin aiki, da na maganin barci, da kayan aiki, a kuma tanadi jini. Matata ta ce ƙanena ya riƙa tsayawa a bakin taga wurin biya yana juya aljihunsa, mutanen da ke bayansa suna ce masa ya matsa.

Ya koma Argungu ya buɗe rudu. Wanda ya san albasa ya san abin da wannan yake nufi. Lokacin kowa ya cire, kasuwa ta cika, ana roƙon mai saye. Albasar da muka ajiye don ta ninka sau uku ko huɗu, ita ya fitar a mafi arhar ranakun shekara. Dillalai kuma sun ji labarin ina kwance, sun san ba zai iya cewa a'a ba, suka taya yadda suka ga dama. Ba zan zage su ba, ni ma na sha yi wa wasu haka ina kiran abin iya kasuwa. Kuɗin rudu guda bai kai mu ƙarshen mako ba. Aka yi aikin farko, aka cire haƙorin, aka tsaga aka zuƙe mugunya, aka bar 'yar roba a kumatuna tana tsiyaya. Sai zazzaɓin ya ƙi sauka, aka sake hoto, aka ga wata ta taru a bayan ido, dole a sake shiga. Injin ban ruwa ya tafi. Awakin matata suka tafi, da 'yan kunnenta na aure. Manoman da suka ba ni albasa a kan amana suka fara zuwa gida suna sallama, ba don rashin tausayi ba, su ma iyali gare su.

Ranar da hankalina ya dawo sosai, na buɗe ido ɗaya na ga ƙanena zaune a gefen gado, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya gaishe ni da jiki, sannan ya ce, "Yaya, ba abin da yas saura sai hwadama. In ka yarda in ba da ta jingina." Bakina a kumbure, da ƙyar na ce masa a'a, a fara sayar da zinarin, ai an cire shi, yana ina? Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun ranar da aka miƙo wa matata shi a cikin auduga ya kai wa maƙeran zinari a kasuwa. Da suka ɓare shi daga ruɓaɓɓen haƙorin, sai ga shi siriri kamar ɓawon albasa, abin da suka ba shi bai cika kuɗin allurar wuni ɗaya ba. Ashe abin da na ji tsoron a yi mini ƙarya da shi ya riga ya zama gaskiya ina kwance ban sani ba, Alhaji ya sayar da haƙori. Na ɗaga masa kai alamar na yarda da jinginar. Ya je ya karɓi kuɗi a hannun wani ɗan kasuwa mazaunin Birnin Kebbi, a gaban shaidu, a kan shi zai riƙa noma fadamar har ranar da muka mayar masa da abinsa.

Bayan aiki na biyu aka mayar da ni ɗakin jinya. Wata safiya likitoci suka zo zagaye, a cikinsu har da likitar nan ta sashen haƙori. Na juya fuska bango, amma ta gane ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta duba ciwon, ta yi mini sannu, sannan cikin wasa da tausayi ta ce Alhaji, wannan azahar ta yi tsawo. Ba ta san abin da ta tone ba. Matata da ke tsaye da kwanon koko ta tambaye ta wace azahar. Likitar ta dube ni, ta dube su, ta gane, amma magana ta riga ta fita. Ni da kaina na ƙarasa musu, don babu sauran wurin ɓuya. Matata ta ajiye kwanon ta fita waje, ina jin kukanta ta taga. Ƙanena bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi wa likitar, ya ce a waccan ranar nawa ne kuɗin cirewar. Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya karɓi takardar maganin da aka rubuta, ya tafi ya sayo. Daga ranar har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Na sha roƙon Allah ya sa ya zage ni in huta.

Na fi wata a asibiti. Na fito da rai, da tabo a kumatu, da giɓi, da idon hagu da yake ganin mutum kamar inuwa, da maganin sukari da zan sha har in mutu. Muka ce za mu fanshi fadama cikin shekara biyu. Sai dai wanda ya ba da gonarsa jingina da me zai nemi kuɗin fansa, tun da gonar ce mai kawo kuɗin? Amanar kasuwa ta watse, babu mai ba ni ko kwando. Muka yi ƙarfin hali muka karɓi aron wata gona a can ƙasa kusa da ruwa, muka ci bashin iri da taki muka yi shinkafa. Ta yi kyau har ta fara fitar da kai, sai gulbi ya cika ya kwana a kanta. Da masu bashi suka yi yawa, mai jinginar ya aiko cewa in muna so ya cika mana kuɗi ta zama tasa. Bai matsa mana ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Muka tara dattawa aka yi ciniki. Na sa hannu, ƙanena ya sa nasa bayan nawa. Cikon da aka ba mu a zaune ya ƙare wurin biyan mutane, ko kwana bai yi a gidan ba.

Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya koma Birnin Kebbi, suna ɗaki ɗaya na haya. Mutumin da ya san ƙasa kamar tafin hannunsa yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, yana kai ma'aikata unguwar Gesse, yana kwaso ɗalibai, kullum da yamma ya kai wa mai babur nasa kason. A cikin abin da ya rage masa yake aiko mini da kuɗin maganin sukari duk wata. Ni kuwa sabon mai fadamar ya nemi wanda ya san ta ya riƙa yi masa aiki, wa ya fi ni saninta? Yanzu ƙwadago nake yi a gonar ubana, ana biyana. Har yau ana ce mini Alhaji, kuma babu wanda ya taɓa yi mini ba'ar giɓi a majalisa. Shirun nan da suke yi in na zo ya fi dariyar ciwo.

Dattijon nan mai iyaka da mu yana nan a gonarsa, tasa ta kansa, da 'ya'yansa suna taya shi. Wata rana da hantsi ya kira ni inuwa mu sha fura. Na daure na roƙe shi gafarar abin da na yi masa, ya ce ya yafe tuntuni. Sai na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko, me ya sami haƙorinsa. Ya ce ciwo ya yi masa, ya je Birnin Kebbi aka cire, ya biya da kuɗin 'yan zabinsa biyu da ɗan ciko, ya dawo gida ya yi la'asar a masallacin unguwa. Ya ce ya daɗe da lura ina tauna da gefe ɗaya, ya kuma gane ko mene ne. Ya dube ni ya ce, "Na so in hwaɗa maka, Alhaji, wallahi na so. Bakinka nij ji tsoro." Furar nan ban iya shanye ta ba.

Ba ni da wani labari mai daɗi da zan rufe da shi. Na yi lissafi ta kowace fuska, ban ga hanyar da fadamar nan za ta dawo hannunmu ba, ko a zamanina ko a na 'ya'yana. Abin da ya rage mini shi ne in gaya wa wanda bai faɗa ba tukuna. Mai niyyar zuwa Makka, ka bar haƙorin da Allah ya ba ka lafiyayye yadda yake, ba a duba baki kafin a karɓi aikin hajji. Wanda ya riga ya sa, in ya fara yi maka tsami ko ƙurji ya fito a samansa, ka je a duba tun kana tafiya da ƙafarka, kada kemis ya ruɗe ka da sauƙin mako biyu. Ciwon haƙori a kujerar likitan haƙori kuɗin buhu ɗaya ne, in ka bari aka shiga da kai emajensi a kwance, ba kai za ka yanke abin da za a sayar ba, kuma ba naka kaɗai za a sayar ba. In likita ya gaya maka gaskiya, ka kai ta gida yadda take, don waɗanda za su biya suna da haƙƙin su sani. Masu baki irin nawa kuma ku ji tsoron Allah. Dariyar da na sa aka yi wa wani ita ta hana ni zama a kujerar likitar nan, ita ta kuma hana shi ya cece ni.

Bana ma albasa ta yi kyau. Da hannuna na cika rudun nan har baki, na rufe shi da ciyawa, mai ita ya zo da mota ya duba ya yaba. A ranar da yamma ƙanena ya kira ni a waya, ina jin ƙarar titi a bayansa. Ya ce yanzu ya sauke wani maniyyaci da jakarsa a sansanin alhazai, an fara tashi. Ya faɗe shi kamar labarin kowa. Sannan ya tambaye ni yaya albasar bana. Na ce ta yi kyau ƙwarai. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ƙasar Baba ba ta ba da kunya." Na riƙe wayar a kunne ina neman abin da zan ce masa, ni da ban taɓa rasa magana ba, har ya ce ya samu fasinja, sai an jima.